Hancin Mai Burodi

Ubana Jabez bai taɓa ganin sarki ba.
Hoto aka aiko masa Burslem daga Landan,
shi ma kwaikwayon wani hoton ne,
aka ce ya sassaƙa shi a farantin tagulla
kafin ranar naɗi. Mako uku aka ba shi na aiki.

Ya zauna bakin taga da ƙarfensa mai tsini,
yana karta a juye, dama ta koma hagu.
Ruwa ya taɓa takardar a hanya, hanci ya wanke,
sai ya ari na Mountford mai gasa burodi,
wanda ke bin mu sule huɗu tun hunturu.
Ya ce, "Keziah, kin gani, to ki riƙe baki."

Ni ce mai mannawa.
Tawada shuɗiya da ɗuminta, takarda kamar ɓawon albasa,
in shafa a jikin kofi, in murza da tsumma, in wanke,
ɗari uku kafin ƙararrawar yamma.
Farcena ya rine. Ran Lahadi a coci
nakan ɓoye hannu kamar mai miki.

Daga nan sai ya bazu kamar gulma.
Butar shayi, gwangwanin taba, hankici, maɓallin kwat.
Matuƙin kwalekwale ya kurɓi giya ta saman goshinsa,
wata tsohuwa a Leek tana auna gari da shi.
Wanda ba a tsaya masa da hula a ka,
ga shi rataye a ƙusa, yana shan hayaƙin ɗaki.

Tagulla kuwa cinyewa take.
Dubun farko da girarsa, dubu na biyar ido ya dushe;
tsufa ya cim masa a wurinmu
tun bai iske shi a jiki ba.

Da ya rasu, maigida ya ce tagulla ta yi tsada.
Ubana ya kankare suna, ya ƙara gemu, ɗa ya hau.
Hancin Mountford ya yi mulki sau biyu,
mai shi na can yana kwaɓa fulawa,
bai sani ba, balle ya yi mamaki.

Jiya ina tonon dankali a bayan gida
fartanya ta fito da tsingaro:
ido ɗaya, rabin kambi, hancin nan cif.
Na goge shi da yawu, na tsaya riƙe da shi,
ban san wa zan gaisar ba,
sarki, ko mai burodi,
ko hannun ubana da ke ciki.