Bakwai Cikin Nawa?

A Shika, ɗakin rajista yana bayan ɗakin gwaji:
fanka ɗaya, kabad uku, sai ni.
Aikina in mai da mutum layi guda,
shekaru, unguwa, sana'a, gaɓar da ciwon ya kama.
Sankara ba ta sa hannu a takarda,
ni nake sa mata.

Wata Laraba ina cike gurbin adireshi,
hannuna ya riga idona gane hanya.
Bayan Tudun Jukun, lungun da ke gangarawa rafi.
Na juya shafi. Lungun nan dai.
Na jawo fayil na bara, na jawo na bara waccan,
kafin la'asar ɗigo bakwai sun haɗa kai a taswira
kamar ƙudaje a bakin ƙwarya.

Dakta Rifkatu ta zare tabarau.
"Watsa gero a tabarma ki gani,
wani wuri zai taru, ba da nufin kowa ba.
Amma je ki. Ɗauki kwalabe da takardun tambaya."

Na je.
Tanimu mai fasa batir, hanta.
Lantana mai ƙuli-ƙuli, mama, na hagu.
Barau mai feshi a gonakin tumatir na bakin Galma,
matarsa ta ce, "Ai ciwon ciki ne kawai,"
ta nuna min jarkar maganin.
Yanzu ruwan alwala ake zubawa a ciki.
Gida na huɗu aka ce sammu ne, aka turo ƙyaure.
Gida na biyar ba a ce komai ba,
aka shimfiɗa min tabarma, aka miƙo ruwan rijiya a kofin silba.
Kwalbar gwaji tana cikin jakata.
Na daɗe riƙe da kofin.
Na sha.

Tambaya ta goma sha biyu:
shekara nawa kuna shan wannan rijiya?
Kande ta yi dariya da sauran haƙoranta uku.
"Rijiyar ta girme ni, 'yar nan.
Lissafin naki zai dawo min da Iro?"
Na duba takarda sama da ƙasa,
ba a bar wa wannan gurbi ba.

A maƙabarta, Gambo mai haƙa ya ƙirga da yatsu masu laka.
Nasa goma sha ɗaya.
Huɗu ba su taɓa taka Shika ba,
sun rame a ɗaki, an kai su kafin azahar,
ciwonsu bai samu suna ba.

Wata biyu, sakamako ya dawo a ambulan ruwan ƙasa.
Ruwan bai yi magana ba, bai kuma rantse ba.
Ciwon iri biyar ne, kowanne da hanyarsa.
Dakta ta ɗora yatsa a kan ɗigona:
"Bakwai cikin nawa, Shatu?
Kin ƙirga waɗanda suka kwanta.
Wa ya ƙirga waɗanda ke tsaye?"

Ga ni kuma a lungun, da sabon littafi,
ina ƙirga masu rai ƙofa ƙofa,
mai goyo, mai tari, mai dakan yaji, baƙon da ya zo noman rani.
Wata yarinya ta biyo ni tun daga bakin famfo,
kunnenta ɗaya ba ɗankunne.
Ta ja min mayafi:
"Anti, ni ma ki rubuta ni."

Littafi biyu ne a jakata.
Sai da na duba bangon sau biyu
kafin na buɗe.