Hatimin Taga ta Bakwai

Kwana goma sha ɗaya suka rage wa bizata.
Na shata su a bangon ɗakin haya
da allin da nake auna ƙarfe a ma'aikatar jiragen ruwa ta Gdansk,
kowace safiya in goge ɗaya da babban yatsa.

Shekara uku ina walda a cikin tumbin jirage,
ina ɗinke ƙarfe da ƙarfe har teku ta rasa ta inda za ta shiga,
sai ga wata takarda da ba ta fi tafin hannu ba
ta ce zamana ne ke yoyo.

Pani Bogumila, mai gidan da nake haya,
ta ɗora tabarau a karan hanci,
ta baje takarduna tsakanin gishiri da kwanon miyar kabeji.
"Doniyor, sunan mahaifinka ya tsallake layi.
Sake cikewa. Baƙin biro, manyan baƙaƙe."
Sau huɗu na sake.
A na biyar ta ce to, ta zuba mini shayi.

Ravshan ya ce ni wawa ne.
"Ka sulale kawai. Akwai aikin gini a ƙetaren iyaka,
kuɗi a hannu, ba mai tambayar sunanka."
Amma na san yadda yake ajiye cokali
in ya ji jiniya a titi,
na san ba ya kwana sai da takalmi kusa da kai.
Na ce masa barcina ya fi ƙarfin wannan ciniki.

Ƙarfe huɗu na asuba muka kama layi,
'yan Jojiya, 'yan Nepal, wata mata daga Kharkiv da goyo,
kowa ya rungume fayil a ƙirji kamar za a ƙwace,
numfashinmu na tashi fari a ƙarƙashin fitila.

A taga ta bakwai na'ura ta ƙi yatsuna.
Wutar walda ta cinye zanensu.
Na danna, ta ƙi. Na sake, ta ƙi.
Matar da ba ta dubi fuskata ba tun zuwana
ta dubi hannuna.
Ta buɗe jakarta, ta turo mini man shafawa ta ƙasan gilashi.
Ƙaramin yatsa ne ya fara amsa sunana.

Sai hatimi. Dam!
Ƙararsa ba ta kai ta guduma ba,
amma har gwiwa na ji ta.
Ta ce: "Zamanka halal ne har a yanke hukunci.
Sai dai in ka fita, ƙofa za ta rufe a bayanka."

Wata bakwai ke nan.
Ba ni cikin masu gudu, ba ni cikin masu kati,
ina tsaye a bakin ƙofa da izinin tsayuwa.

A wata na biyar mahaifina ya kwanta a Namangan.
Ƙanwata ta kara masa waya a kunne,
ina jin numfashinsa kamar zarto cikin ɗanyen itace.
Na ce gobe zan sayi tikiti.
Ya ce: "Kul. Rumman ɗin tsakar gida bai nuna ba.
Me za ka zo ka ci?"
Duk mun san ba zancen rumman yake ba.

Jiya jirgin da na ɗinke ya bar tasha,
ya yi kuka sau uku, ya nufi inda ya ga dama,
ba wanda ya tambaye shi takarda.
Na ɗaga masa hannu, safar walda a hannun.

Kullum da yamma Pani Bogumila na riga ni zuwa akwatin wasiƙa.
Daga yadda take hawo bene nake karanta amsa.
Yau ma a hankali ta hawo.
Takardar kuɗin lantarki ce, da tallan katifa.
Na karɓa, na ce mata sannu,
na je na dubi wayata ko ƙanwata ta turo hoton itacen.