Lissafin Ɗan Fansho a Bajoga

Shekara talatin da biyar ina yanka rasit a kasuwa,
kuɗin mutane na bi ta tafina kamar ruwa a kwando.
Ran sallama aka ba ni agogon bango
da takarda mai hatimi, da lemo mai ɗumi.
Agogon yana tafiya har yau.
Albashin ne bai sake waiwayo ni ba.

Garatuti ya iso bayan damina uku,
ya rame a hanya kamar sa da aka koro da ƙafa daga Nafaɗa.
Na zauna da biro bayan isha'i
ina kasa shi kashi-kashi kamar mai tumatir.
Dudu ta leƙo daga madafa, ludayi a hannu,
ta ce, "Malam, da ni a kason?"
Na yi tari, kamar ban ji ba.

Hammayo na ba wa na tumaki shida.
Biyu sun tafi a watan bakwai, ya kawo mini fatu shaida.
Huɗun sun haihu, na ga 'ya'yan da idona,
mai baƙin kunnen nan ita ta biya wa Asabe jarrabawa.
Kiwo jari ne mai numfashi,
yana tari, yana zawo, ba ya jin magiya,
amma bai taɓa kashe waya ba.

Na faɗi haka saboda yaron nan mai kwat
da ya zo daga Gombe da ƙamshin turare.
Ya ce kuɗi ma suna haihuwa, talatin bisa ɗari duk wata.
Watan farko sun haihu.
Na biyu sun haihu, har na kai masa Malam Jalo.
A na uku wata mace a cikin wayar
ta yi ta ba ni haƙuri da Turanci.
Ni da na yi rayuwata da rasit,
ko guntuwar takarda ban karɓa ba.

Jalo yana gaishe ni har yanzu. Ya fi zagi ciwo.

Wake buhu goma na ɓoye da kaka ina jiran tsada.
Tsadar ta zo.
Ƙwari ne suka riga ta zuwa, ba su jira ni ba.

Duk shekara sai mu hau mota mu je tantancewa,
tsofaffi a layi, kowa da fayil a hammata,
wani da sanda, wani da jikan da ke riƙe da shi.
Rana guda cur, da kuɗin mota, da na rake,
don in shaida wa yaro sa'an ɗana
cewa ban mutu ba.

Fanshon kuwa yana nan inda yake tun farko,
mudun masara ne ya yi fiffike.

Ragowar da na ba Dudu don ta daina kallona
ta sayi injin markaɗe, tsoho, mai hayaƙi.
Tun asuba yake ruri a zaure.
Yara da bokitan gero, da tattasai, da waken ƙosai,
hamsin, ɗari, hamsin, bashi.
Ni ke riƙe littafin, ita ke riƙe gwangwanin.
Da yamma ta ware na fetur, na gyara, na adashe,
sannan ta miƙo mini na goro.
Ba ta taɓa tuna mini daren tarin nan ba.

Yanzu ba na ɗora tukunya a kan dutse guda.
Kaɗan a banki, kaɗan a ruga, kaɗan a zaure,
ga mangwaro bakwai da na dasa bayan gida,
ko ni in sha, ko masu zuwa.

A ƙasan akwati kuma, ƙarƙashin takardar hatimin,
akwai farin yadi da na saya tun yana da sauƙi.
Dudu ta ce in bar zancen.
Na ce ai lissafi ne:
duk cikin hajar da na tara
ita ce na tabbata ba za ta yi kwantai ba.