Lamba Goma Sha Huɗu

A Dilimi, saman shagon mai walda,
muka manna kiret ɗin ƙwai a bango
har ɗakin ya daina mayar da magana.
Ni haka na so. Davou bai so ba.

Shi in ya zauna gaban fiyano
ba ya taɓa haƙori ko ɗaya
sai ya laluba maɓallin amsa-kuwwa,
ya murɗa, ya murɗa, ya wuce rabi,
har sauti ɗaya ya koma jerin gwano,
na farko bai mutu ba, na biyu ya hau kansa.
In ce: Davou, ka jiƙa waƙar nan sharkaf,
wa zai shanya ta a sanyin Jos?

Ya ce a Du aka haife shi, bakin ramin kuza.
In ya kira awaki da yamma
dutse ke fara amsawa, awaki daga baya.
Sautin da bai dawo ba, in ji shi,
sallama ce a gidan da aka tashi.

Ni kuwa Gangare ta raine ni,
mu tara a ciki da falo.
Na san darajar matsa-in-zauna.
Shi ya sa nake hawa miksa kamar mai rabon tabarma:
kai kaurin ƙasa, ja can, wurin ganga ne;
na tsakiya, mai toshe hanci kamar mura,
in yanke shi kaɗan, bakin cokali,
muryar mawaƙiya ta samu hanyar wucewa.
Na sama, gishiri ne.
Ya wuce yatsa biyu, ya zama injin markaɗe a kunne.
Ban taɓa ƙara wa wani ba
sai na rage wa wani.

Shekara shida muna wannan ja-in-ja.
Ya murɗa in na fita sayen man janareta,
in mayar in ya sauka shan shayi wajen Ɗanliti.
Saratu, da muka yi wa faifai uku,
ta ce kunu ɗaya muke damawa,
wannan na tuttula ruwa, wancan na ƙara gasara,
ita dai a ba ta ta sha.

Bara wani coci a Abuja ya kira shi,
gini mai rufi kamar tashar jirgi.
Ya bugo waya yana dariya:
can bango ke amsawa da kansa,
ya kashe maɓallin ɗungurungum,
yanzu shi ke roƙo a rage masa kauri.
Ashe kana da gaskiya, ya ce. Rabi.

Ya bar mini fiyanon,
da farin haƙori ɗaya mai maƙalewa.
A lamba goma sha huɗu ya ajiye saitinsa.
Ban goge ba.

Daren jiya mai walda ya tashi da wuri,
wuta ba ta ɗauke ba.
Na danna lambar, na ɗora yatsa guda.
Ɗaki taku biyar
ya buɗe, ya wuce Bukur, ya kai bakin ruwa.
Na ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu,
kafin ya yi shiru.

Ya yi yawa. Har gobe ya yi yawa.
Na kai hannu in rage,
sai na sake taɓawa.