Darasin Suna a Hanyar Rabig

Daga Jidda zuwa Rabig ni ke riƙe da sitiyari,
Anselmo na gefe, rungume da gorar ruwa,
injiniyan layin dogo, mutumin Sifen,
wuyansa ja wur kamar gautar da ta nuna.

Rediyo ya ambaci wani ɗan ƙwallo.
Ya ɗaga yatsa ya ce, "Famoso."
Na ce, "Famfo?" Ya yi dariya har ya ƙware.
Wai wanda duniya ta san da zamansa ke nan,
wanda mu za mu ce ya shahara, yana tashe, ya yi suna.

"Uwar kalmar," in ji shi, "ita ce fama."
Na taka burki kaɗan. Na ce, wannan ai tamu ce!
Fama nake tun kiran assalatu,
fama da iƙama, fama da kuɗin haya,
fama da zafin da ke narkar da kwalta.
A garinku fama ɗaukaka ce,
a bakinmu gumi ce mai jiƙa riga.
Ya yi shiru, sannan ya ce wataƙila hanya ɗaya ce,
ku kun tsaya a farkonta, mu muna hangen inda ta kwana.

Bayan Zahaban ya ba ni célebre,
na wanda ake wa biki ko bayan ƙasa ta rufe ido.
Ya ƙara da renombre, suna bisa suna,
kamar mai ɗora babbar riga kan wata babbar riga.
Na ce nauyi zai yi masa a wannan rana.

Sai mala fama.
Wannan ban bari ya fassara ba.
Na ce ƙaurin suna muke cewa:
tuwo ne ya kama a gindin tukunya,
mai girki ba ta ji ba, maƙwabta sun ji.
Ya zaro ɗan littafinsa ya rubuta,
ƙ ɗin ta gagare shi, ya zana ta kamar ƙugiya,
ya ce a maimaita masa, na maimaita har ya gamsu da kaina.

Wadda ta zauna mini ita ce conocido.
Sananne, amma ba na allon talla ba,
har idon sani ma haka suke kiransa.
Na ce to, mace fa? Ya ce conocida.
Na ce ka gama faɗin Goggo Tabawa.
Shekara talatin tana suyar waina a lungun Karantina,
ba ta taɓa shiga jarida ba,
amma tambayi kowane yaro daga nan har Bab Makka,
zai nuna maka hayaƙin da ke tashi ƙofar gidan uwar nan tawa,
ya ce bi ƙamshin, ba ka ɓacewa, malam, ga shi can yana kira na.

Muka wuce wata maƙabarta, katanga fara, ba allo ko ɗaya.
Ya tambaya, ina sunayen?
Na ce nan ba a rubutawa.
Babana Tanimu ya taso daga Haɗeja da ƙafa,
ya yi noman auduga a Sudan shekara bakwai,
ya haye teku daga Sawakin,
yau dutse ne kawai a kansa, irin na kowa.
Anselmo ya ce a hankali, "Desconocido."
Na ce a'a. Wanda ya yi shi ya san inda ya kwana.

Kwangila ta ƙare bara, ya koma.
Ban san ko a unguwarsu ana gaishe shi da suna ba.
Jiya jirgin ya wuce ni kamar walƙiya, fari fat,
ba sunansa a jiki, balle nawa.
Waya ta yi ƙara, Goggo ce:
"Ilu, yaya fama? Ka taho da shinkafa da yis."
Na ce fama da godiya, Goggo, ga ni nan kan hanya,
ki ajiye mini ta ƙasan tanda, mai ɗan ƙuna.