Bugu Huɗu a Bayan Kasuwar Dole

Ubana baduku ne a Birni.
Ƙarfe da guduma, jar fata a kan gwiwa,
ƙwal, ƙwal, har zane ya zauna.
Ni ban gaji fata ba, bugun na gada.
Firinta huɗu gare ni a shago,
kowace da halinta.

Tsohuwar cikinsu gwanjo na saye ta.
Allurai ashirin da huɗu a kanta
suna sukar ƙyallen tawada, ƙyalle na dukan takarda,
ɗigo bayan ɗigo, kamar wanzami na tsaga.
Ƙara kuwa, sai ka ce gyare dubu a tulu guda.
Sanda mai shayi ya rantse ita ke tsinka masa madara.
Amma ita kaɗai ke bugun da ya ratsa:
takarda uku a haɗe,
ta sama, ta tsakiya, ta ƙasa,
duk su ɗauki magana ɗaya.

Ta biyu 'yar gayu ce, ba ta taɓa takarda.
Tofi take daga ramukan da suka fi gashi siranta,
shuɗi, ja, rawaya, baƙi,
tana kai da komo kamar ƙoshiyar masaƙi.
Da huɗun nan take haɗa fuskar mutum.
Sai dai in ta kwana biyar ba aiki a bazara
maƙogwaro ya bushe,
ta fito mini da magidanci ba hanci,
in zauna da sirinji ina mata ɗura kamar jinjiri.
Tawadarta ta fi turare tsada.

Ta uku ba ta san ruwa ba.
Haske ke rubutu a jikin gangarta, rubutun da ido bai gani,
baƙin gari ya bi sawu ya manne
kamar yaji a jikin kilishi,
takarda ta ɗauka, ta ratsa ta wuta,
ta fito da ɗumin riga daga hannun mai guga.
Ita ɗalibai ke yi wa layi lokacin kai dosiye.
In an ɗauke lantarki ta riƙe takarda a baki,
rabin sunanka a waje, rabi cikin duhu.

Autarsu, ta rasit, ba tawada ko ɗigo.
Zafi take shafawa, takarda ta yi baƙi don kanta.

Irinta ce ta kawo mini Cima ranar Alhamis.
Ta kwance bakin zane, ta fito da 'yar takarda,
shaidar kafin alƙalamin keken ɗinki.
Mai kanti ya rasu, ɗansa ya ce a kawo shaida.
Wata bakwai tana ninke.
Fara fat.
«Yi mini fotokofi,» ta ce.
Na ce, Inna, inji ba ya ganin abin da babu.
Ba ta motsa ba.

Na tsallaka wurin Sanda,
na kara bayan takardar kusa da butarsa,
ba a jiki ba, kusa dai, ina ƙirga numfashi.
Ta soma yin toka-toka, ta yi duhu,
sai ga shi, fari a cikin baƙi, yana rawa:
jaka goma sha biyar.
Inda ya taɓa ƙuna bai sake ƙonewa ba.

Na buga mata a ta uku.
Ban yarda ba, na sake rubuta shi a ta allurai,
Sanda na toshe kunne.
Ta miƙo dala ashirin, na ce bar shi.

Da magariba na rataya tsohuwar jakar Baba zan tafi gida.
Shekara arba'in, rana da ruwa da gumin kafaɗa.
Launin ya tafi.
Na shafa da yatsa,
ramin guduma na nan.