Takardar Ƙyale-su

Shekara goma sha uku muna gadi
a ƙofar tsohuwar masaƙa a Kakuri, ni da Ƙyale-su.
Injuna sun yi tsatsa, mu ba mu tashi ba.
Bana ya fara shan ruwa kamar rairayi,
ya ƙarar da kwano, ya lashi bakin famfo.
Fitsarinsa fari tas.
Haƙarƙarinsa ko daga nesa ka ƙirga.

Mai keke ya caje ni kuɗin mutum uku
kafin ya yarda kare ya hau.

Likita Asabe Kuyet ta ɗebi jini, ta tari fitsari,
ran Laraba ta miƙo mini takarda,
lambobi a jere, biyu ta zagaye da jan biro.
Ta ce: Baba Tanimu, ƙoda faifan bakace ce,
ta ajiye tsaba, ta kori ƙaiƙayi.
Tasa yanzu tsabar take zubarwa,
ƙaiƙayin ya zauna a jini.
Wannan lambar dattin ne, ya hau.
Waccan ta fitsari ce, ruwa ya fi ƙarfinsa.

Na ce: ai ko a azumi lafiyarsa lau.
Ta ce: jini ba ya saurin tona asiri.
Kafin ya yi magana, kashi uku cikin huɗu sun ajiye aiki,
ragowar ne ke ɗauke da kayan.

Nan na gane, ban ƙara tambaya ba.
Na ga shekarar da aka sallami mutanenmu,
mu 'yan kaɗan muka haɗa dare da rana,
atamfa na fita kamar kullum,
'yan kasuwa ba su san komai ba
sai ranar da jiniya ta yi shiru.

Saura nawa? na ce.
Ta ce: takarda ba ta san gobe ba.
Awo ɗaya ba ya yanke hukunci,
ku dawo bayan mako biyu.
A rage gishiri, a daina ƙashi,
kada kwanonsa ya bushe.

Mahauci ya ajiye mana ƙashi kamar yadda ya saba,
na ce ya bai wa wani. Ya dube ni.

Daren nan kwano uku na jera.
Ya sha, ya kwanta, ya ɗora haɓa a takalmina.
Wajen ƙarfe biyu wani abu ya motsa bayan katanga,
ya yi haushi sau ɗaya, da murya ta dā,
sannan ya waiwayo ko na ji.

Na ji.
Takardar na aljihun gaba,
naɗe da tsohon katina na aiki.